Dare Rigar Mugu: Ra'ayina a Kan Fim ɗin Batman na 1989

Daga wani ɗalibin aji biyar, ɗan Maruda ta ƙasar Gwandu

Ina godiya ga Malam Edita da ya ba ni fili a wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in faɗi albarkacin bakina a kan wata gardama da ta daɗe tana yawo a ɗakunan kwananmu, har ta kai kunnen waɗansu iyaye lokacin hutu. Gardamar kuwa a kan wani tsohon fim ce na ƙasar Amurka mai suna Batman, wanda aka fitar a shekarar 1989, watau shekara biyu kafin a yanke Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato.

Masu ƙin fim ɗin nan iri biyu ne. Na farko su ne abokaina ɗalibai, waɗanda suka ce duhu ya yi masa yawa, ba a ganin fuskar jarumin sosai, kuma faɗan cikinsa kaɗan ne in an gwada da sababbin finafinai masu launi rangaɗau da tsalle-tsallen da aka haɗa da kwamfuta. Na biyu su ne waɗansu iyayenmu, waɗanda suka ce mene ne amfanin yaro ya zauna sa'a biyu yana kallon ƙato sanye da rigar jemage, in ba koyon tsoro da ta'adi ba? Ni dai ra'ayina shi ne, duhun nan da kowa ke kuka da shi, shi ne babban abin amfani a cikin fim ɗin. Ina roƙon ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe kafin ku yanke hukunci.

Bari in fara da bayanin fim ɗin saboda wanda bai gan shi ba. Asalin Batman labarin zane ne na yara, wanda waɗansu mutum biyu, Bob Kane da Bill Finger, suka ƙirƙira a shekarar 1939. Labarin wani attajiri ne mai suna Bruce Wayne, wanda aka harbe iyayensa a gaban idonsa yana yaro ƙarami. Da ya girma sai ya riƙa ɓad da kama da dare, ya sa baƙar riga mai kunnuwa da fukafukai irin na jemage, ya fita farautar miyagu a birninsu mai suna Gotham. Ba ya tashi sama, ba ya da wani tsafi. Dukiyarsa da dabararsa da tsoron da ake ji nasa su ne makamansa. A shekarar 1966 an yi wasansa a talabijin, amma na barkwanci ne, da rana tsaka, da tufafi masu launi kamar na 'yan wasan sallah. Saboda haka mutane da yawa suka ɗauki Batman abin dariya.

Da kamfanin Warner ya tashi yin babban fim, sai ya ba wani saurayi mai suna Tim Burton aikin ba da umarni, wanda yake ɗan shekara 30 lokacin da fim ɗin ya fito. Shi kuma ya zaɓi Michael Keaton ya fito a matsayin Batman. Keaton ba ƙato ba ne, kuma da wasan ban dariya aka san shi, don haka masu son labarin suka aika da wasiƙun ƙorafi wajen 50,000. Jack Nicholson ya fito a matsayin mugun, wanda ake kira Joka, kamar jokan nan na karta. An ɗauki fim ɗin a situdiyon Pinewood kusa da Landan. Da ya fito sai ya tara kuɗi fiye da dala miliyan 400 a duniya, masu wasiƙun ƙorafi kuwa suka yi tsit.

To, mene ne ya bambanta shi da sauran finafinan sadaukai? Garin ne. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Anton Furst shi ya tsara birnin Gotham, kuma aka ba shi kyautar Oska a kan wannan aiki a shekarar 1990, shi da abokin aikinsa Peter Young. Mafi yawan garin da hannu aka yi shi, da katako da ƙarfe da zane da ƙananan gine-gine na kwaikwayo. Benaye sun yi tsawo har sun tare sama, sun sunkuyo kan titi kamar za su haɗiye masu wucewa. Manyan bututai sun fito daga bango, tururi na tashi daga ƙasa, lunguna sun matse, ko'ina danshi. Ko rana ta fito sai ka gan ta dishi-dishi kamar ranar da hazo ya sauka a watan sanyi. Maza na sanye da malafa da dogayen kwat irin na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, alhali ga talabijin a gidajensu, har ba ka iya cewa ga shekarar da ake ciki.

Abin lura shi ne, kafin kowa ya buɗe baki ya ce garin nan ya lalace, kai mai kallo ka riga ka sani. Ka san 'yan sandansa na karɓar cin hanci, ka san manyansa sun kasa, ka san talakansa a tsorace yake kwana, domin ginin kansa ya gaya maka. Wannan ita ce hikimar da abokaina ba su lura da ita ba. Suna jiran a gaya musu labari da baki, alhali bango da inuwa sun daɗe da fara ba da shi.

Dubi yadda aka fara nuna jarumin. Waɗansu ɓarayi biyu sun yi wa wani magidanci ƙwace a lungu, sun hau kan rufin bene suna rabon kuɗi. Ɗaya yana ba ɗaya labarin wani jemage da aka ce yana kama miyagu. Suna cikin magana sai mu masu kallo muka ga wata baƙar inuwa ta sauko a bayansu cikin hayaƙi, ta buɗe fukafukai, su ba su sani ba. Daren Asabar ɗin da aka nuna mana fim ɗin a ɗakin taro, a daidai nan wurin ya yi shiru, har waɗanda suka fi kowa ƙorafi daga baya. Da an haska wurin tas, me za mu gani? Wani mutum matsakaici cikin rigar roba, wanda ko wuyansa ba ya iya juyawa. Gaskiya ce, rigar ta matse Keaton har sai ya juya dukkan jikinsa in zai dubi gefe. Amma a cikin duhu wannan taurin wuya ya koma kwarjini. Abin da ido bai gani sosai ba, zuciya ce ke ƙarasa shi, ita kuwa zuciya ta fi kowace kwamfuta iya zana dodo.

Tim Burton ba shi ya ƙago wannan salo ba. Asalinsa daga ƙasar Jamus ne, kuma ya bunƙasa a fim bayan Yaƙin Duniya na Farko wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918. An ci Jamusawa da yaƙi, sojojinsu wajen miliyan biyu sun mutu, guragu da makafi sun cika titi. Kuɗinsu ya lalace har a shekarar 1923 sai da biliyoyi ake sayen burodi guda. Masu zane da masu shirya fim na wannan zamani suka ga cewa, in suka nuna duniya a miƙe tsaf kamar yadda kyamara ke ganinta, sun yi ƙarya, domin zukatan mutane ba a miƙe suke ba. Sai suka shiga karkatar da abin da ke waje domin ya yi daidai da abin da ke ciki. Turawa na kiran wannan Eksfireshanizim, ni kuwa da Hausa zan kira shi salon bayyana zuci.

A fim ɗin Dakta Kaligari na shekarar 1920, wanda Robert Wiene ya shirya, bangaye a karkace suke, tagogi ba su da kusurwa daidai, inuwa ma da fenti aka zana ta a ƙasa da bango. Sai a ƙarshe ake gane cewa mai ba da labarin yana gidan mahaukata ne, watau duk karkatar nan a cikin kansa take. A fim ɗin Nosferatu na 1922, na F. W. Murnau, wurin da ya fi ban tsoro shi ne inda inuwar mugun kaɗai ke hawa matakala, da dogayen yatsu a miƙe. A Metropolis na 1927 kuma, Fritz Lang ya gina birni mai tsawon gaske, masu kuɗi a sama suna shan iska, ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa suna juya injuna. A ƙarshensa jarumi da mugu suka yi kokawa a kan rufin wata babbar majami'a, mugun ya faɗo ya mutu. Duk wanda ya ga ƙarshen Batman ya san haka aka yi a can, a kan hasumiyar majami'ar Gotham.

Fuskar Joka ma can ta samo asali. A shekarar 1928 wani Bajamushe mai suna Paul Leni ya shirya fim a Amurka a kan wani mutum da aka yanka masa baki yana yaro, har ya zama kullum kamar dariya yake yi, ko da kuka yake. Conrad Veidt ne ya fito a matsayin mutumin, shi ne kuma ya fito a fim ɗin Kaligari. Hotonsa na cikin abubuwan da masu zanen Batman suka duba sa'ad da suka ƙirƙiri Joka a 1940. Burton bai ɓoye inda ya ɗebo ruwa ba. A fim na biyu da ya yi a 1992, ya raɗa wa wani mugun attajiri suna Max Shreck, domin tunawa da ɗan wasan da ya fito a matsayin Nosferatu.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da Jamusawa da bala'insu? Amsata ita ce, mu Hausawa mun san salon nan tun kafin a ƙera kyamara, suna ne kawai ba mu ba shi ba. Me ya sa kakanninmu suka hana yin tatsuniya da rana? Duk dalilin da aka ba mu muna yara, gaskiyar ita ce labarin Dodo ba ya shiga jiki da rana tsaka. Sai an ci tuwon dare, an kunna aci-bal-bal ko fitilar ƙwai, harshen wuta na rawa, inuwar tsohuwa ta hau bangon ɗaki ta ninka ta uku. A nan ne in ta ƙanƙance murya ta yi maganar Gizo za ka ga Gizo, in ta buɗe ta ta yi gurnanin Dodo ka matsa jikin yayanka. Ba wanda ya taɓa ganin Dodo, amma kowane yaro a Maruda zai iya siffanta maka shi.

Haka kuma tashe da muke yi cikin watan azumi. Yaro zai liƙa gemun auduga, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, ya shafa toka ko gawayi a fuska, ya fito da dare. Ba wanda ke cewa ai tsoho na gaskiya ba haka yake ba. Kowa ya san an kambama siffar ne domin halin ya fito fili, a yi dariya, a kuma ɗauki darasi. Ko gininmu na gargajiya ka duba da magariba, in rana ta faɗi a bayan wani tsohon soro na Gwandu, zankwayen nan da ke kan rufinsa sai su tsaya baƙi ƙirin kamar kunnuwan Batman, su ba gidan kwarjini. Maginan da suka ɗora su sun san aikin inuwa.

Zaɓen jemage ma ya yi daidai da tunaninmu. Ga shi da fukafukai amma ba ya ƙwai, ga haƙora, yana shayar da ɗansa nono, yana kwana kai a ƙasa, ba ya fita sai duhu ya shiga. Tsuntsaye ba su ɗauke shi nasu ba, dabbobi ma haka. Haka Bruce Wayne yake. Ba ɗan sanda ba ne, ba kuma ɓarawo ba. Da rana attajiri ne mai mantuwa wanda bai san adadin ɗakunan gidansa ba, da dare kuwa abin tsoro. Ba shi da kowa sai wani tsohon baransa mai suna Alfred, wanda ya rene shi. In ka dubi idon Keaton a fim ɗin ba za ka ga murna ba ko sau ɗaya. Maraya ne wanda ciwonsa bai warke ba.

Yanzu mu dubi Joka. Shi kaɗai ne mai launi a garin nan na baƙi da toka-toka: riga shunayya, gashi kore, fuska fara fat, baki ja. A yawancin finafinai mai haske shi ne na kirki, mai baƙi shi ne mugu. A nan an juya abin, kuma daidai ne, domin Hausawa sun ce haƙorin dariya shi ke cizo. Sunansa na asali Jack Napier, ɗan daba ne, ya faɗa cikin wani ƙaton kaskon sinadari a wata masana'anta sa'ad da Batman ya rutsa shi, ya fito da fuskar nan ta dariyar dole.

Ta'asarsa biyu sun tsaya mini a rai, domin kamar da mu ake. Ta farko, ya zuba guba a cikin kayan kwalliya, man shafawa da hoda da turare, mutane suka riƙa mutuwa da murmushi a fuska, har masu karanta labarai a talabijin suka koma fitowa da fuska duk ƙuraje don tsoron shafa wani abu. Shin ba mu da 'yan'uwa mata da ke shafa man bilicin mai ƙona fata, duk da gargaɗin da hukumar NAFDAC ke yi? Ta biyu, ya yi shela cewa zai watsa dala miliyan 20 a titi ranar bikin cikar garin shekara 200. Mutanen da suka san sarai shi ne mai gubar nan, su ne suka cika titi suna wawaso, suna yi masa tafi. Suna cikin tsintar kuɗi ya saki iskar guba daga manyan balan-balan da ke bisa kansu. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk wanda ya taɓa ganin yadda matasa ke tattake juna a bayan motar mai watsa kuɗi lokacin zaɓe, ba ya bukatar a fassara masa wannan wuri.

Saura magana mafi nauyi, wadda ita ce dalilin da ya sa na ce a bar mu mu kalli fim ɗin, a kuma tattauna shi da mu. Mu 'yan makarantar kwana na wannan jiha mun san tsoron dare. Tun ranar 17 ga watan Yuni na shekarar 2021, da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, barcinmu ya canja. In kare ya yi haushi a bayan katanga sai ka ji ɗaki ya yi tsit, kowa ya farka amma ba mai motsi. A irin wannan hali, wane yaro ne ba zai yi fatan a ce akwai wani gwarzo a kan rufi yana tsaronsa ba? Abin da ya sa Batman ke shiga ranmu ke nan.

Amma fim ɗin bai yaudare mu ba, kuma a nan ya fi sababbi. Ya nuna mana cewa Jack Napier ne, yana saurayi, ya harbe iyayen Bruce Wayne. Watau Joka ne ya haifar da Batman. Batman kuma shi ne sanadin faɗawar Napier cikin kaskon nan, watau shi ya haifar da Joka. A kan hasumiya su biyun suka tsaya kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifin abin da ya zama. Bugu da ƙari, Batman ɗin nan ba ya kai kowa gaban alƙali. Ya tura motarsa cikin masana'antar nan ta tayar da ita da bam alhali da mutane a ciki. Joka ma bai ga kotu ba, ƙasa ya faɗo. Da komai ya lafa, an kunna fitila mai hoton jemage a sama, jama'a na murna, shi kuwa yana tsaye shi kaɗai a kan bene cikin duhu. Iyayensa ba su dawo ba, garin kuma bai yi haske ba.

Wannan fa ba baƙon labari ba ne a ƙasarmu. Ina girmama mutanen da suka tashi tsaron garuruwansu sa'ad da ba kowa, kuma da yawansu sun ba da rayukansu. A watan Maris na 2022 kaɗai an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna a ƙasar Zuru. Allah ya jiƙansu. Duk da haka, manyanmu da suka san yadda fitinar nan ta faro a Zamfara suna faɗa mana cewa ramuwar gayya ce ta hura ta. A sace wa wani shanu, a kashe wani a kasuwa ba tare da shari'a ba, ɗansa ya shiga daji da bindiga, ya dawo ya ƙone ƙauye, marayun ƙauyen su ma su tashi da wuta a zuci. Kowane ɓangare na cewa wancan ne ya fara. Ashe ba gardamar kan hasumiya ba ke nan? Ba banza ba Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke nan Gwandu kusa da mu, ya zauna ya rubuta littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda shugabanni da alƙalai za su gudanar da mulki da hukunci. Ya san cewa in aka bar hukunci a hannun duk mai ƙarfi, ba a rabuwa da zubar da jini.

Saboda haka darasin da na ɗauka shi ne, garin da ya kai ga bukatar Batman, garin ya riga ya kamu da ciwo. Maganinsa na gaskiya shi ne ɗan sanda mai amana da alƙali mai adalci da shugaba mai jin kukan talaka. Fim mai haske da launi zai sa ka fito kana cewa ina ma ni ne jarumin. Wannan kuwa sai ka fito kana tausayinsa, kana roƙon Allah kada garinku ya zama Gotham. Duhun ne ya hana mu sha'awar abin da bai kamata a yi sha'awa ba.

Su kansu Amurkawa sun gwada cire duhun, sun ga abin da ya biyo baya. Fim na biyu na 1992 ya fi na farko duhu, iyaye a can suka yi ƙorafi, sai kamfanin ya ba wani darakta, Joel Schumacher, aikin. Shi kuma ya cika garin da fitilu masu launi da barkwanci. Na 1995 ya samu kasuwa, amma na 1997 ya zama abin ba'a, har aka yi shekara takwas ba a sake fitar da babban fim na Batman da 'yan wasa ba, sai a 2005 da Christopher Nolan ya mai da shi cikin duhunsa.

Iyayenmu, an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma damuwarku na da tushe. Fim ɗin nan ba na ƙananan yara ba ne. A Ingila ma shi ne fim na farko da aka ba shaidar cewa sai ɗan shekara 12 zuwa sama zai shiga silima ya kalla. Akwai kisa a cikinsa, akwai shan giya, akwai kuma zaman namiji da mace wanda bai dace da tarbiyyarmu ba. Ban ce a ɗauki al'adarsu ba. Amma yau kusan kowane gida da wayar hannu, kuma abin da ake tura wa yara a cikinta a shagunan caji ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, ba tare da wani babba ya sani ba. Roƙona shi ne, maimakon hani kawai, ku zauna ku kalla tare da mu ko sau ɗaya ne, ku tambaye mu abin da muka fahimta. Haka kakanninmu suka yi da tatsuniya, suna tsorata yaro da Dodo amma suna zaune kusa da shi.

Ga masu shirya finafinan Hausa kuma ina da shawara, ko da yake ni yaro ne. Sana'arsu ta bidiyo ta faro ne da Turmin Danya a Kano a 1990, shekara ɗaya bayan Batman, kuma sun yi nisa ƙwarai. Sai dai a yawancin finafinanmu fitila ɗaya ce ke haska mai kuka da mai dariya, falon azzalumi da na mutumin kirki duk iri ɗaya. Alhali muna da zaure mai duhu, da lungunan tsofaffin birane, da hazon hunturu, da kukoki masu rassa kamar yatsu, da farin wata a kan fadama. Duk waɗannan kyauta Allah ya ba mu. Jamusawan nan da fenti da kwali suka yi aikin da ake koyarwa har yau bayan shekara ɗari. Mai fitila ɗaya da basira zai iya nuna tsoron da ke zuciyar manomin da ya kasa zuwa gonarsa fiye da mai fitila hamsin.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, in Allah ya sa aka sake nuna mana shi, ku daina ƙirga naushi. Ku dubi inda haske ya faɗa da inda aka hana shi zuwa. Ku saurari kiɗan da Danny Elfman ya tsara, yadda yake tasowa daga ƙasa a hankali kamar hadarin gabas. Ku tambayi kanku me ya sa aka ɓoye wannan fuska aka bayyana waccan. Yadda Malamin Hausa ke koya mana mu nemo jigo da salo a cikin waƙa, haka ake karanta fim. Wanda ya iya karanta hoto ba a saurin ruɗinsa da ƙyalli, ko a allon silima ko a dandalin siyasa.

Hausawa sun ce dare rigar mugu, sun kuma ce dare mahutar bawa. Mu da muke kwana nesa da iyayenmu, na biyun muke fata. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin. Wanda ke da wani ra'ayi dabam, fili na nan a fitowa ta gaba, ina sauraro.